Ƙafar Da Gari Duka Ya Yi Wa Magani

Bana shekara arba'in da biyar ke nan da rasuwar Haladu, ɗan gwaggona, wanda mutanen ƙauyenmu na ƙasar Roni suka fi sani da Haladu Soja. Cikin waɗanda suka ɗauki makararsa saura mutum biyu a raye, ɗayan ma ba ya gane kowa. Ni kaina na tsufa, har jikokina sun fara ɗaga murya in za su yi mini magana, alhali ina jin komai, har da abin da ba su so in ji. To tun da sauran numfashi, bari in faɗi yadda abin ya kasance, domin har yau in aka tashi zancensa sai a ce yaƙi ne ya ci shi. Gaskiya ne yaƙi ya fasa masa ƙashi. Amma da ransa ya dawo mana, kuma ya fi shekara goma a hannunmu kafin ya tafi.

Mahaifiyarsa, Gwaggo Delu, yayar mahaifina ce, saboda haka ni da Haladu taubasai ne, abokan wasa. Tun muna ƙanana ba a taɓa jin mun yi wa juna maganar arziki ba. Ni in ce masa bawana, shi ya ce mini Uwani mai bakin reza. In na same shi yana cin tuwo sai in ɗauke naman, in ya gan ni na yi kitso sai ya tambayi wace akuya ce ta tauna mini kai. Duk abin da taubashi ya faɗa halal ne, ba a fushi, ba a kai ƙara, ba a kuma riƙe shi a matsayin magana. A cikin gidan da kowa ke sunkuyar da kai ga wani, ni kaɗai ce nake iya kallon Haladu ido cikin ido in faɗi abin da na ga dama. A lokacin gani nake na fi kowa gata.

Dogo ne, mai dogayen ƙafafu. Kafin ya shiga soja yakan ɗauki kaya a ka ya tafi kasuwar Gwiwa a ƙasa, ya dawo kafin a rufe kaji, ya kuma ce bai ga nisan da ake faɗa ba. Da Yaƙin Basasa ya ɓarke aka zo ɗiban samari, ya bi mota daga Kazaure tare da wasu sa'o'insa. Abin da ya faru da shi a can sau ɗaya ya ba ni labari, a gajarce. Ɓarɓashin bam ne ya same shi a ƙwaurin hagu, ƙashin ya tarwatse, ya kwana cikin taɓo kafin a zo a ɗauke shi. A inda ake jinyar sojoji an wanke, an ɗaure, an yi masa allurar fenisilin irin wadda ake yi wa kowa. Ran da akwai a yi, ran da motar magani ba ta iso ba a haƙura. Ƙashin ya haɗe a karkace, fata ta rufe, aka sallame shi. Sai dai a ƙasan gwiwa an bar wani ɗan rami da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Yakan bushe wata guda, sannan ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya kayar da shi, ramin ya buɗe ya yi ta zubar da mugunya. Wani lokaci har da ɗan guntun ƙashi, fari, kamar tsinken sakace.

Mahaifinsa ya riga ya rasu, don haka Gwaggo ce ke da gida. Ita ta sa aka kafa masa gado a zaure, wai don masu dubiya su huta da sallama. Ƙofar zauren tana kallon hanyar gona. Da safe yana ganin kowa ya wuce da garma a kafaɗa, da yamma yana ganin kowa ya dawo. Matarsa Dije, 'yar Fulanin rugar da ke bayan dutse, ita ke wanke tsummokaran ɗauri tana shanyawa a bayan danga inda ba za a gani ba, tana kuma turara zauren don warin ya ragu. Ni ina koyarwa a makarantar firamare a Kazaure, a can nake aure, nakan zo ne ranar da babu makaranta. Duk zuwan da zan yi, a wuri guda nake samunsa, ƙafar a miƙe bisa matashi, rediyo a gefen kunne.

Yanzu a rediyo kullum sai an yi zancen cututtukan da suka daina jin magani. Likitoci su zo su yi ta bayani, a ce kada a sha magani sai da izini, kada a yanke shi a tsakiya. Nakan ce a raina, da Haladu na nan da ya ƙara murya ya ce, ga tarihina ana karantawa ba a biya ni ba. Mu a lokacinmu ba mu san wannan suna ba. Abin da muka sani shi ne dubiya, kuma dubiyar ce nake so masu karatu su duba da kyau.

Da can, in za ka je gaida mara lafiya, ka riƙe ƙullin fura ko goro, in ka san wani sassaƙe ka haɗa da shi, in kai malami ne ka kawo rubutu. Ba a shiga hannu sake. Sai ga shekarun kuɗin mai sun zo. Aka shimfiɗa kwalta, rufin kwano ya fara ƙyalli a ƙauyuka, magani kuma ya malalo kasuwa. A kan tire ake baza shi cikin rana, kusa da batir da sukari: kafso ja da rawaya, kafso ja da baƙi, farin kafso, ana sayar da shi ɗaiɗai kamar alewa. Nan da nan ya zama shi ne tsarabar dubiya ta mai mutunci. Mutum ya ƙulle guda biyu ko uku a bakin hankici ya taho da su. Kuma yadda malami ba ya tashi sai ya ga an shanye rubutunsa, haka mai kafso ba ya tashi sai ya ga an haɗiye. Wani ma sai ya ɓare ɗaya ya zazzaga garin a cikin ramin da hannunsa. Ranar kasuwa kuma ga mai allura a kan keke, shi ma wani ɗan'uwa ya biya shi ya turo shi don neman lada.

Abin da ya ƙara rikita mu, kowane magani yakan yi ɗan aiki. Mugunyar ta tsaya kwana kaɗan, wanda ya kawo ya yi ta yawo a gari yana cewa nasa ne ya karɓi Soja. In ta dawo sai a ce to, wancan ya gaji, a gwada na wane. Babu wanda ya sha masa magani ɗaya har ƙarshe, domin babu wanda ya kawo fiye da abin da hankici zai ƙulle.

Haladu kuwa ba ya iya cewa a'a. Mutum ne mai kunya tun asali, ƙafar kuma ta ƙara masa. Ya taɓa gaya mini cewa zafin ciwon bai dame shi kamar yadda dattijo zai shigo shi yana kishingiɗe ba, ba ya iya sauka ya durƙusa. Sai ya zama abin da ya rage masa na ladabi shi ne ya miƙa hannu biyu ya karɓa. Na ga wannan da idona ran da surukinsa, Baffa Buba, mahaifin Dije, ya zo daga kasuwar Babura. Ya zauna a bakin ƙofa, ya juya gefe kamar yadda surukai ke yi, ya kwance ƙulli ya ce, "Wannan daga tsallaken iyaka yake, da sefa aka saye shi. Na can ya fi namu ƙarfi. A ba shi ya sha."

Da safiyar ranar Haladu ya riga ya sha na liman, ya sha na wani tsohon abokinsa soja. Ya dubi ƙasa ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baffa. Allah ya bar zumunci." Aka miƙo moɗa, ya haɗiye.

Da Baffa ya fita na ce, "Bawana, cikin nan naka ya fi kantin magani kaya. Wallahi ka daina. Wata ma'aikaciyar jinya da muke maƙwabtaka ta ce irin wannan shan ƙarfafa ciwo yake yi." Mutanen da ke zauren suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Kai, taubasan nan! Ko a gadon ciwo ba za ta bar shi ya huta ba." Haladu ma ya yi dariya, ya ce baƙin ciki nake yi don ni ba mai kawo mini ko aspirin. Na sake faɗa a zuwa na gaba, da na gaba da shi. Kullum dariya ake yi, har aka fara jira in zo in yi wasan kantin magani.

Sai da ƙafar ta kai ba ya iya taka ta ko zuwa bayan gida, sannan maigidana ya samo mota muka kai shi babban asibitin ƙashi a birni. Aka ɗauki hoton ƙafar, aka ɗebi mugunyar. Bayan 'yan kwanaki likitan ya kira mu, ya nuna mana wani ɗan faranti na gilashi. Ya ce sun shuka ƙwayoyin cutar a ciki sun tsiro, sannan sun ɗora 'yan ƙananan fararen takardu, kowace da irin maganinta. Inda magani ke aiki, za a ga fili fes kewaye da takardar, cuta ba ta kusanto ba. Muka leƙa. A farantin Haladu cutar ta mamaye ko'ina, ta hau har kan takardun, in ban da guda ɗaya a gefe da ke da ɗan fili.

Likitan ya tambayi Haladu me da me ya sha. Haladu ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da aka kawo." Sai likitan ya yi mana bayani da Hausar da ko Gwaggo za ta gane. Ya ce magani kaɗan ba ya kashe ƙwayar cuta, raunanan yake kashewa, masu taurin su rayu su hayayyafa, kuma gobe sun san shi. Ya ce a cikin ƙwaurin akwai ƙashin da ya mutu tun a fagen yaƙi. Magani jini yake bi, mataccen ƙashi kuwa jini ba ya zuwa wurinsa, don haka nan cutar ta yi gida. Hanya biyu ce. Ko a yanke daga ƙasan gwiwa a huta, a yi masa ƙafar katako. Ko a buɗe a kankare mataccen ƙashin, a yi masa allurar nan ɗaya da ta rage har tsawon makonni, ita kuma tana taɓa kunne da ƙoda, kuma ba tabbas.

Maigidana ya koma ƙauye ya kai wa Gwaggo maganar. Amsarta ba ta yi tsawo ba. Ta ce, "Da ƙafa biyu na haife shi, da ƙafa biyu zai koma ga Mai shi. Ban yafe ba a taɓa." Aka kawo wa Haladu saƙon, ya ce to.

Aka yi tiyata, aka yi allurar. Kunnensa na dama ya tafi, bai ƙara ji da shi ba. Amma ramin ya rufe. Daminar da ta biyo baya ita ce nake riƙe da ita in na tuna shi. Ya dawo gida da sanda, ya je masallacin Juma'a da ƙafarsa, mutane suna ta buɗa masa hanya. Na same shi wata rana tsaye a tsakiyar gonar gyaɗarsa, ba ya aikin komai, tsayuwar kawai yake yi. Na ce, "Ashe bawana yana da tsawo haka? Na manta." Ya ce, "Ki matso ta kunnen da ya mutu ki yi maganarki, Allah ya hutar da ni rabin bakinki." Ranar na yi dariya har da hawaye, kuma murna ce tsantsa.

Likita ya sallame shi da sharaɗi biyu. Kada ya ƙara haɗiyar komai sai abin da asibiti ya ba shi. In kuma ramin ya sake buɗewa, ya dawo da gaggawa, kuma a wannan karon yankewa ce. Sharaɗi na biyun ne ya sa da ramin ya buɗe bayan kaka, ba wanda ya ambaci asibiti. Aka mayar da gado zaure. Masu dubiya suka dawo, sun ma fi da yawa, domin yanzu jirgi na ɗibar alhazai kowace shekara, kowa kuma yana dawowa da tsarabar magani. Baffa Buba ya sauke farali a shekarar, ya zo da kafso a cikin kwalba ya ce daga Makka. Ku gaya mini wanda zai ce wa surukinsa, sabon alhaji, ba zai sha maganin Makka ba.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Ƙauyen ya canza a bakin ƙofarsa yana kallo. Kekuna suka zama babura, sa'o'insa suka tafi birni aikin gini suka dawo da agogo, 'ya'yansa biyu suka tashi ba su san ubansu a tsaye ba sai damina ɗaya. Ƙafar ta yi baƙi, ramin ya zama uku. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Masu zaman zaure suka ragu saboda wari, amma masu kawo magani ba su ragu ba, sai dai su tsaya daga ƙofa su jira a haɗiye.

A 'yan shekarun nan akwai wani matashi a Roni da ya rasa ƙafa a hatsari, aka yi masa ta roba. Acaɓa yake yi. Na hau bayansa sau biyu kafin wani ya gaya mini, don ko ɗingishi ba ya yi sosai. Da na sauka na tsaya ina kallonsa har ya ɓace. Ko a zamanin Haladu, da ƙafar katako mutum yana zuwa gona, yana zuwa masallaci, yana aurar da 'ya'yansa. Ban san me Haladu zai ce ba da ya ga yaron nan. Ina jin zai ce a tambaya masa ko ana ba da haya.

Wata ranar Asabar da la'asar na shigo da tsokanata a baki, sai ya ɗaga hannu. Ya sa Dije ta fita, ya ce, "Uwani, zauna ta kunnen da ke ji. Yau ba wasa." Tun da muke bai taɓa kiran sunana haka tsirara ba. Ya ce, "Na gaji. Ina so a yanke. Ina jin abin yana hawowa, in na ƙara shekara a nan ba ƙafa kaɗai za a binne ba. Ki shiga ki gaya wa Inna."

Na ce, "Kai me ya hana ka gaya mata?"

Amma ai na san amsar. Haladu ɗan fari ne. Gwaggo ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi ba, in za ta ba shi abinci sai ta ce a kai wa na zaure. Tana son sa kamar ranta, kowa ya sani, amma a tsakaninsu akwai kunyar da ta girmi su duka biyun. Dije ba za ta iya buɗa baki gaban uwar miji da irin wannan magana ba. Baffa suruki ne. Maigidana ya riga ya kai sau ɗaya an ce ba a yafe ba. Duk gidan nan bakin da ba a ɗaure ba nawa ne.

Na shiga cikin gida. Gwaggo na zaune a tsakar gida da mata uku suna ɓarar gyaɗa. Na durƙusa, abin da ban saba yi da tsawo ba, na ce, "Gwaggo, Haladu ya aiko ni. Ya ce a yi masa izini a yanke ƙafar."

Matan suka tuntsire. Ɗaya ta ce, "Oh ni! Yau kuma ƙafar bawan naki kike so? Ki jira ya mutu mana ki gaji duka biyun." Na ce ba wasa nake ba. Suka ƙara dariya, wai ji yadda ta iya ɗaure fuska. Na rantse da Allah. Na fara kuka, wata ta ce kai, Uwani ta iya shiri. Gwaggo ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɗago ba. Hannunta na ta ɓarar gyaɗa. Can ta ce, "Ku dai ba za ku girma ba. In da gaske ne, mai ƙafa yana da baki."

Ta tashi, ta karkaɗe zane, ta nufi zaure, ni ina biye. Ba ta shiga ba. Ta tsaya a bayan bango inda ba za su ga juna ba, ta yi magana kamar da iska take yi. Ta ce, "Wai an ce wani yana so a raba shi da abin da aka haife shi da shi?"

Ni ina tsaye a ƙofa, ina ganinsu duka biyun. Na ga Haladu ya yunƙura zai gyara zama don uwarsa na kusa, ƙafar ta hana shi. Na ce masa da ido, faɗa mana. Ya sunkuyar da kai, kamar yadda yake yi in an miƙo masa ƙulli, ya ce, "Wasa take yi, Inna."

Gwaggo ta ce, "Na dai ce." Ta koma wurin gyaɗarta.

Ban zage shi ba. Wannan ce rana ta farko da na fita daga zauren nan ban zage shi ba. Bai kai wata damina ba. Zazzaɓi ya zo wanda bai sauka ba, jikinsa ya kumbura, fitsari ya ɗauke. Sai da ya daina gane mutane, ba sauran wanda za a ji kunya, sannan aka sa shi a mota. Likita ya ce cutar ta shiga jini, allurar da ta yi aiki a da ita ma ta daina, ƙodar kuma ba za ta ɗauki wata ba. Aka dawo da shi aka binne shi da ƙafafunsa biyu.

Bayan an share makoki, na je yi wa Gwaggo sallama zan koma Kazaure. Tana zaune ita kaɗai a zauren, a bakin gadon da ba ta taɓa zama a kai ba yana raye. Na ce, "Gwaggo, ranar nan da gaske nake." Ta ce, "Na sani." Ta rayu shekara shida bayansa, ba mu sake tayar da maganar ba.

Yau ba sai an je kudu ake samun raunin harsashi ba. Yaranmu na dawowa da shi daga arewa maso gabas, wasu kuma a gonarsu ko a kan hanya 'yan bindiga ke samunsu. Asibiti ya ci gaba, ana kafa wa ƙafa ƙarafa daga waje, ana da allurai da Haladu bai taɓa jin sunansu ba. Amma likitocin da kansu suna cewa farantin nan na gilashi yana ƙara cikewa, filin yana raguwa. Tire ya zama kemis a kowane lungu, hankici ya zama baƙar leda. Kunyar ɗan fari ta yi sauƙi, 'yan mata yanzu suna kiran ɗansu na fari da sunansa har da ɗaukar hoto. Dubiya da magani a hannu kuwa tana nan daram.

Watan jiya na je duba ɗan maƙwabciyata, soja ne, an dawo da shi da ƙarafa a ƙwauri. Ina zaune kawunsa ya shigo da leda, ya ce wannan wani ya sha ya warke, a kawo ruwa. Na ga yaron ya sunkuyar da kai, hannuwansa biyu sun riga sun buɗe. Na sa sandata a tsakaninsu, na ce ba za a sha ba sai likitansa ya gani. Uwar yaron ta yi 'yar dariya don ta gyara zama, ta ce, "Kawu, ka san Hajiya da barkwanci." Na ce mata ni ba taubashiyar kowa ba ce a ɗakin nan. Na zauna ban motsa ba har kawun ya gaji ya tafi da ledarsa yana ƙunƙuni. Yaron ko kallona bai yi ba. Na san gobe wani zai zo, ni kuwa ƙafafuna ba kullum suke kai ni ba.

In aka tambaye ni me ya rage na Haladu, ba shi da yawa. Zauren ya rushe, an yi shago a wurin. 'Ya'yansa sun yi jikoki, akwai mai sunansa, dogo kamar shi. Mutane suna tuna shi da haƙuri, suna cewa ba a taɓa jin ya mayar wa kowa hannu ba, kuma suna faɗar haka ne a matsayin yabo. Ni kuma abin da ya bar mini shi ne wata tsohuwa mai faɗa da ake ɓoye leda in an hango ta.

Na daina jin haushin Gwaggo tun tana raye. Baffa Buba da masu hankici alheri suka nufa, Allah ya ba su ladan niyyarsu. Haladu ne har yau nake jin haushinsa, kuma shi nake kewa fiye da kowa. Kalma ɗaya ta rage tsakaninsa da gonar gyaɗarsa, ya aike ni in ɗauko masa ita, na ɗauko, ya mayar. Nakan shirya zagin da zan yi masa in mun haɗu, na tanadi na shekara arba'in da biyar, sai in na zo ƙarshe in ga addu'a nake yi.

Allah ya jiƙanka, bawana, ya sa ka tashi a kan ƙafafun nan biyu da ka biya su da tsada. Kai dai ka san ba wasa nake yi ba.